Wata ɗaya, Salla biyu tsakanin Gaya da Kamba

Ranar Talata 9 ga Afrilu 2024 aka yi ƙaramar Salla a Gaya, kamar yadda aka yi ta ko'ina cikin Nijar, bayan Majalisar Musulunci ta ƙasa ta ba da sanarwar an ga jinjirin watan Shawwal a daren Litinin. A Kamba kuwa, cikin jihar Kebbi ta Najeriya, garin da ɗan kabu-kabu ke kai mutum cikin ƙasa da awa guda, waɗanda ke bin sanarwar Sarkin Musulmi sun wuni da azumi a bakinsu, sai Laraba 10 ga wata suka hau idi, rana ɗaya da Makka da mafi yawan ƙasashen Musulmi. Ba shi ne karo na farko ba. A 2022 ma Nijar ta yi Salla ranar Lahadi 1 ga Mayu, Najeriya ta yi Litinin.

Wanda ke zaune a Yamai zai iya ɗaukar wannan abin muhawarar malamai. A bakin iyaka ba haka yake ba. Mahauci ya yanka bisa zaton kasuwar jajibiri na nan gobe, tela na da ɗinkin da ya yi alkawarin miƙawa da safe, mai kamiyo ya yi lodi yana fatan ya riski duwan a buɗe, ma'aikacin gwamnati kuwa bai san ko zai je aiki ba sai bayan lisha, sa'ad da rediyo ya yi magana. A shekarar 2024 abin ya zo wa ƴan kasuwa kan wani ciwon, domin gadar Gaya da Malanbil tana rufe tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mutane da kaya suna ƙetare kogin Kwara cikin jiragen ruwa. Amma asarar kuɗi ita ce ƙarama. Gida ɗaya ne, wa a Gaya ƙane a Kamba, ɗaya na cin tuwon Salla ɗaya na jiran magariba. Azumi ranar idi haramun ne, shan ruwa da rana cikin Ramadan shi ma haramun ne. Ba yadda za a yi su biyun su dace da gaskiyar abin da ke sama.

To, mene ne ke sama a wannan dare na Litinin? A nan ba a bukatar zato, domin miliyoyin mutane sun gani da idonsu. Ranar 8 ga Afrilu 2024 aka yi husufin rana cikakke a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana ba kome ba ne illa wata ya gitta tsakanin duniya da rana ya tare haskenta, kuma ba ya faruwa sai a lokacin da tsohon wata ya ƙare sabo bai fito ba. Inuwar wata ta sauka birnin Mazatlan na gaɓar Meziko da ƙarfe 7 da minti 7 na yamma agogon Nijar. Haɗuwar wata da rana, wadda masana falaki ke ƙirga haihuwar sabon wata daga gare ta, ta auku da ƙarfe 7 da minti 21. A Gaya rana ta riga ta faɗi tun wajen ƙarfe 7 saura kaɗan. A Difa, can gabas, ta faɗi fiye da rabin awa kafin haka. Babu wani gari cikin faɗin Nijar da rana ta kai ƙarfe 7 da minti 21 ba ta faɗi ba. Watau sa'ad da ladanan Gaya ke kiran magariba, watan da ake nema ya riga rana faɗuwa, kuma mutanen Meziko na shirin ganinsa baƙi ƙirin a fuskar rana. Na 2022 ya ma fi wannan fili: an yi husufin wani ɓangare na rana a kudancin nahiyar Amurka ranar 30 ga Afrilu, haɗuwar ta auku da ƙarfe 9 da minti 28 na dare agogon Nijar, awa biyu da rabi bayan magaribar Gaya.

Ya kamata mai karatu ya san yadda abin ke tafiya, don kada ya zama ji kawai ya yi. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Yana kewaya duniya, daga haɗuwa zuwa haɗuwa kwana 29 da awa 12 da minti 44 a matsakaici, abin da ya sa wata ke yin 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta yi kwana 354 ko 355. A lokacin haɗuwa gefen da rana ke haskawa yana fuskantar can, gefen duhu yana fuskantar duniya. Daga nan sai ya riƙa janyewa daga rana zuwa gabas da kamar rabin daraja kowace awa, kimanin daraja 12 a kwana. Daraja ɗaya ita ce faɗin ƙaramin yatsa in an miƙe hannu sosai, dunƙulen hannu kuwa kamar daraja 10. Sai ya yi nisa da rana sannan siririn bakinsa ke samun haske, sai kuma ya daɗe sama bayan faɗuwarta har jan sama ya dushe sannan ido ke iya tsinto shi.

Nisa nawa ke nan? Wani Bafaranshe masanin falaki, André Danjon, ya tattara bayanan ganin jinjirin wata a farkon shekarun 1930, ya ga cewa in nisan wata da rana bai kai wajen daraja 7 ba, babu jinjirin da za a gani. Masu binciken baya sun yi ta gardama a kan adadin, wasu su rage wasu su ƙara, amma ba wanda ya kai shi kusa da sifili. Mafi ƙarancin shekarun watan da aka tabbatar an gani da ido zalla shi ne awa 15 da minti 32 bayan haɗuwa, a 1990, kuma wanda ya gan shi gwani ne da ya san daidai inda zai duba. Da madubin hangen nesa an kai awa 11 da minti 40 a Iran cikin 2002. Wani Bafaranshe kuma, Thierry Legault, ya ɗauki hoton wata daidai lokacin haɗuwa a Yuli 2013, amma da na'urar da ke ganin hasken da idon ɗan Adam ba ya gani, da rana, tare da kariya daga hasken rana. Wannan hoto ne na kimiyya, ba ganin wata ba ne irin wanda alkali ke karɓa.

Saura maganar shaidu, ita ce mai nauyi. Mutanen da suka ce sun ga wata galibi dattawa ne masu mutunci a ƙauyukansu, ba su da ribar kome cikin ƙarya, kuma rashin adalci ne a kira su maƙaryata. Sai dai gaskiyar mutum daban, kuskuren ido daban. A Amurka masana biyu, LeRoy Doggett da Bradley Schaefer, sun sa dubban mutane dubon wata a lokuta da dama, suka buga sakamakon a 1994: kimanin 15 cikin 100 na masu dubo suna cewa sun gani ko da a inda ganin ba ya yiwuwa. Ba azumi suke ba, ba Salla suke ɗoki ba, amma haka ta faru. Guntun gajimare da rana ta haska ta ƙasa, hayaƙin jirgin sama, tauraruwa mai haske cikin hazo, ko ido da ya gaji da kallon wuri ɗaya, kowanne na iya zama jinjirin wata ga mai son ganinsa. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan da sauri: in ƙasa ta tashi dubo gari-gari, aka kuma ce shaidu biyu sun isa, to kowane dare na 29 za a samu biyun nan, ko akwai wata ko babu. Magabata sun san da haka. Littattafan tarihi na kawo labarin alkali Iyas ɗan Mu'awiya na Basra, wanda sahabi Anas ɗan Malik, yana tsoho tukuf, ya nuna masa wata a inda kowa bai ga kome ba. Alkalin ya lura da wani farin gashin gira da ya lanƙwaso gaban idon dattijon, ya shafe shi, ya ce a sake dubawa. Sai ba a ga kome ba. Bai ƙaryata shi ba, bai kuma tsai da wata a kan shaidarsa ba.

Malamai za su ce, kuma suna da hujja, cewa mazhabar Malikiyya da ake bi daga Gwandu har Doso ba ta tsai da wata da lissafi. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar nan, ya rataya azumi ga cikar Sha'aban kwana 30, ko ganin adilai biyu, ko ganin jama'a mai yawa, ya kuma fitar da maganar mai lissafin taurari. Shihabuddin Alƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, shi kansa masanin lissafi ne, ya yi wa kansa tambayar da kowane ɗan lise zai yi: don me ake yarda da lissafi a lokutan salla, a ƙi shi a ganin wata? Amsarsa cikin littafin Alfuruƙ mai zurfi ce. Bai ce lissafin ƙarya ne ba, ya yarda tabbatacce ne. Cewa ya yi shari'a ta rataya salla ga shigar lokaci kansa, ko ta wace hanya aka san shi, amma ta rataya azumi ga gani, ba ga kasancewar wata a sama ba. Wannan bambanci ne tsakanin abin da yake akwai da abin da aka sani, kuma har yau masu falsafa na kai da kawowa a kansa.

Amma a lura da abin da wannan hujja ta hana da abin da ba ta hana ba. Ta hana a ce wa mutane su ɗauki azumi don takarda ta ce wata ya tsaya alhali ba wanda ya gan shi. Ba ta ce a karɓi kowace shaida ido rufe ba. Halil ɗin nan shi ne ya ce in adilai biyu suka yi shaida, aka cika kwana 30 sama na garau ba a ga wata ba, to an ƙaryata su. Watau sama kanta na iya rushe shaida. Taƙiyyuddin Assubki, Bashafi'e, alkalin alkalan Dimashƙa wanda ya rasu a 1355, ya ƙara taki ɗaya: in lissafi tabbatacce ya nuna ganin ba ya yiwuwa, alkali ya mai da shaidar, domin shaida zato ce mai ƙarfi, zato kuwa ba ya ture yaƙini, kuma sharaɗin kowace shaida shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. Da yawa daga malaman zamaninsa da na bayansa ba su bi shi ba, amma ba wanda ya fitar da shi daga sahun manya saboda wannan magana. Alkalin da aka zo wa da shaidar an ga wane a kasuwar Malanbil ranar da shi alkalin ya halarci jana'izarsa, ba ya bukatar zagin shaidun kafin ya rufe fayil.

Akan ji masu cewa lissafin nan na Nasara ne. Tarihi bai goyi bayansu ba. Alhawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza wajen shekara ta 830, ya tsara jadawalin ganin jinjirin wata. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi a zamanin ita ce wata ya daɗe kamar minti 48 bayan faɗuwar rana. Albattani, wanda ya rasu a 929, ya tace ta. Manyan masallatan Masar da Sham suna da ma'aikaci na musamman, muwaƙƙit, mai albashi daga waƙafi, aikinsa lissafin lokutan salla da alƙibla da tsayuwar wata. A Dimashƙar da Assubki ke alkalanci, muwaƙƙit na masallacin Banu Umayya shi ne Ibnu Shaɗir, wanda ya rasu a 1375. A 1957 masu bincike suka gano cewa tsarin tafiyar wata da ya ƙirƙiro daidai yake, ta fuskar lissafi, da wanda Kopanikus ya buga a Turai a 1543. Ma'aikacin masallaci ne ya riga. Ko a ƙasar Hausa malaman hisabi sun daɗe suna ƙirga manzilolin wata 28 don gaya wa manomi lokacin shuka, kuma ba a taɓa jin wanda ya kira su ƴan Nasara ba.

Ga wanda tarihi bai gamsar ba, gani ya kori ji. Ranar 29 ga Maris 2006 da hantsi rana ta yi duhu a Gusau da Katsina da Maraɗi, a Gaya kuma wata ya cinye mafi yawanta. An faɗi ranar da sa'ar da hanyar da inuwar za ta bi shekaru kafin nan, ba a kuskure ko da minti ɗaya ba. Tsofaffi na iya tuna na 30 ga Yuni 1973, cikin shekarun fari, wanda mafi tsawonsa, minti 7 da daƙiƙa 4, ya faɗo a arewacin Nijar, har jirgin Concorde ɗauke da masana ya bi inuwar minti 74 kafin ya sauka a Cadi. Lissafin da ke faɗin husufi shi ne dai mai faɗin haihuwar wata. Ba ya yiwuwa a yarda da shi da hantsi a ƙi shi da magariba.

Akwai wata hujja ta gaskiya da ke halatta bambancin rana tsakanin ƙasashe, wadda malamai ke kira saɓanin mafita, kuma Alƙarafi na cikin masu ƙarfafa ta. Duniya na juya daraja ɗaya cikin minti 4. Gaya na yamma da Makka da kimanin daraja 36, saboda haka magariba na zuwa Gaya bayan ta Makka da wajen awa biyu da rabi, wata kuma ya ƙara nisa da rana da fiye da daraja ɗaya. Don haka yana yiwuwa ƙwarai a ga wata a Gaya ko a Dakar a daren da Saudiya ba ta gan shi ba, kuma ba dole ne Nijar ta zauna jiran rediyon wata ƙasa ba. Sai dai wannan hujja ba ta da aiki tsakanin Gaya da Kamba da Malanbil. Tazarar magaribarsu ba ta wuce minti ɗaya ba. Samaniya ɗaya ce a kansu, hazo ɗaya, gajimare ɗaya. Kotun duniya ta La Haye ta iya raba kogi a hukuncinta na 12 ga Yuli 2005, ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, domin tsibiri ƙasa ne, ana auna shi. Bambancin Salla tsakanin garuruwan nan uku kuwa ba daga sama ya zo ba, daga ofisoshi uku ya zo, kowanne da babban birninsa da hanyarsa ta karɓar shaida.

Maganin bai kai tsadar ramin ba. Maroko ƙasar Malikiyya ce, ba ta tsai da wata sai da gani, amma ma'aikatar harkokin addini na tura masu dubo wurare masu yawa kowane wata, ba Ramadan kaɗai ba, tare da adilan kotu, kuma suna da lissafin a hannu kafin su fita; masana falaki na yawan kafa misali da ita wajen dacewar sanarwa da abin da ke sama. A Najeriya kwamitin ganin wata da ke ba Sarkin Musulmi shawara ya haɗa malamai da masu ilimin falaki. Nijar ba ta rasa mutane ba. Jami'ar Yamai na ɗauke da sunan Abdu Mumuni, masanin kimiyyar hasken rana wanda ya rasu a 1991, Doso na da jami'arta tun 2014, kuma duk malamin lissafi na lise zai iya fitar da sa'ar faɗuwar rana da ta wata a Gaya daga wayar hannunsa. Abin da ake bukata shi ne a buga waɗannan sa'o'i kafin daren dubo, a kuma yi wa mai shaida tambayoyin da kowane alkali ke yi: ƙarfe nawa ka gan shi, dama ko hagu da inda rana ta faɗi, tsawon yatsa nawa daga ƙasa, ƙahonninsa ina suka fuskanta, wa ke tare da kai? Wanda ya ga wata da gaske ba ya shan wahalar amsa su. Masu dubo kuma su riƙa fita kowane wata, domin idon da ke neman jinjiri sau biyu a shekara bai san kamarsa ba. Limaman Gaya da na Kamba da na Malanbil, waɗanda ke haɗuwa wajen ɗaurin aure da jana'iza ba tare da neman izinin kowa ba, ba abin da zai hana su tsayawa kan tudu ɗaya a daren 29.

Sai a yi hattara da wata magana da ake yi washegari, in aka ga wata ya fito da kauri a ce ai na kwana biyu ne, jiya aka ɓoye shi. Kaurin jinjiri ya danganta ga awowin da suka wuce tun haɗuwa. Watan da aka haifa jim kaɗan bayan magariba, kamar na 8 ga Afrilu 2024, zai kai kusan awa 24 kafin magariba ta gaba, ya fito sarai ya daɗe, alhali darensa na farko ke nan.

Akwai gwaji na nan tafe da ba ya bukatar madubi ko jami'a. Ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027, wadda bisa lissafi za ta zo daidai da ƙarshen Sha'aban na 1448, za a yi husufin rana mai zobe. Inuwar za ta taso daga Cile da Ajantina, ta ƙetare tekun Atalantika, ta ƙare a gaɓar Kodibuwa da Gana da Togo da Benin da Najeriya dab da faɗuwar rana. Direbobin Gaya da ke tashar jiragen ruwa ta Kotonu za su ga rana ta zama zobe, a Gaya kanta kuma, in hazon hunturu ya bari, za ta faɗi da babban gefenta a cinye. Kada kowa ya kalle ta da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa, domin tana ƙona ido ba tare da zafi ba. A huda kwali a bar haskenta ya faɗa kan bango. Baƙin abin da zai rufe ta shi ne watan Ramadan da za a fita nema a wannan magariba, kuma tare da ita zai faɗi.